Barewar Gwangwani a Garejin Surukina

A zamanin da muke samari, bindigar wasa ma tana da nauyi. In ka ɗaga ta sai ka ji ta a kafaɗa. Ƙotarta katako ce, bakinta ƙarfe ne mai sanyi, kuma wanda ya riga ka riƙewa yakan bar maka ɗumin tafinsa da warin tabarsa. Yanzu ina shiga bas a Oxford Road in ga ɗalibi ya sunkuyar da kai yana karkashe runduna guda da babban yatsa a kan gilashin waya, kunnuwansa a toshe, fuskarsa ko motsi ba ta yi, wanda ke zaune kusa da shi bai ma san ana yaƙi ba. Mu a lokacinmu in mutum ya yi harbi duk ɗakin sai ya ji. In ya samu, ƙararrawa ce za ta sanar da kowa. In ya kuskure kuwa, shirun da zai biyo baya shi ma kowa yana jin sa. Na zauna a ƙasashe da dama, na ga abubuwa da yawa sun shuɗe ban ce uffan ba, har da jiragen ruwan fasinja da na ci abinci a cikinsu shekara da shekaru. Akwatin wasan harbin da ake kafe wannan bindigar a gabansa ma da na bar shi ya tafi abinsa lami lafiya, ba don ya dawo ba, kuma ya rasa gidan da zai sauka sai na mutumin da bai kamata ba.

Mahaifina maharbi ne. Kafin a sa ni makaranta, aikina shi ne in daka masa gawayi ya yi laushi kamar kwalli don haɗa albarushi, in goge bindigarsa ta toka da tsumma da man kaɗanya, in rataya burgami in bi bayansa ina taka inda ya taka. Ba shi da yawan magana a gida, a daji kuwa kusan ba ya yi sam. Abu biyu ne kawai yake nanata min har suka zauna a jikina. Na farko, kada in kuskura in ja kunama ban yi bisimilla ba, domin naman da za a kai gida mutane ne za su ci. Na biyu, in dabba na gudu, in ba hancin bindiga rata a gabanta, saboda kafin wuta ta ci albarushi harsashi ya fita, ta riga ta bar inda na gan ta. In na manta, ba ya faɗa, sai dai ya sa yatsa ɗaya ya tura bakin bindigar gaba kaɗan. Har yau in tsuntsu ya gifta ta taga, idona gabansa yake zuwa, ba kansa ba.

Da wannan na zo Manchester karatun harsuna, lokacin garin baƙi ƙirin yake da hayaƙi, bangon ɗaki na tsattsafo da ruwa, murhun gas kuma ba ya kamawa sai ka ciyar da shi kwabo. Mu 'yan Arewa kaɗan ne, gida ɗaya muka taru. A cikinmu akwai wani Bakano mai karatun akanta, ɗan mai sayar da yadi, wanda ko kaza bai taɓa yankawa ba, in ya ga ɓera a kicin sai ya hau kujera. Mun shaƙu ƙwarai, ɗakinmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya. Da yamma in an taru ana dafa shinkafa, ni ne mai ba da labarin daji, yadda ake kwanton gada a bakin rafi, yadda gyado ke juyowa kan mutum in ya ji ciwo. Suna saurare baki buɗe. Su 'yan birni suna da tufafi masu kyau da 'yan'uwa a ma'aikatu, ni kuwa wannan ne abin da nake da shi wanda ba su da shi.

Wata Babbar Sallah muka yi idi a wani ɗakin taro da aka yi haya, muka fito ana yayyafi, ba rago, ba tuwon gida, ba wanda za mu je gaisarwa. Manyan riguna a ƙarƙashin kwat, muna ta yawo kamar marasa uwa, har muka fake a wani gidan wasa kusa da tashar bas. Warin wurin nake fara tunawa, ƙura mai zafi da man inji da jiƙaƙƙen ulu da soyayyen dankali. A can ƙurya akwai wani akwati da ya fi mutum tsayi, an zana masa itatuwan da ba irin namu ba, an kafe bindiga a gabansa a kan wani guntun ƙarfe, tana juyawa amma ba ta cirewa. In ka leƙa ta gilashin sai ka ga daji ya miƙa can nesa, alhali akwatin bai fi kamu biyu zurfi ba. Wani ya jefa sisi. Abin ya farka da gurnani, sannan ya kama ƙaf-ƙaf-ƙaf kamar ana tankaɗe tsakuwa a faranti, fitilu suka kama, sai ga barewa ta gwangwani ta fito daga bayan itace tana gudu, wasu agwagi na bin sama.

Bakanon nan ya buɗe hannuwa ya ce, "Ku matsa, ku matsa, ɗan baushe ya iso daji! Yau mun samu na layya."

Na gyara tsayuwa, na kafa ƙota a kafaɗa, na yi bisimilla a fili ba tare da na sani ba. Aka fashe da dariya.

Ya ce, "Madalla, ta halatta. Malam, ni dai cinya nake so, a bar wa waɗannan kai da ƙafa."

Na ba ta rata, na ja. Bindigar ta yi dum, ta ɗan bugi kafaɗata, barewa ta wuce abinta. Na ce iska ce, na tuna babu iska. Na ƙara rata, na rage rata, na riƙe numfashi, na yi duk abin da aka koya min, lambobin da ke jujjuyawa a saman akwatin ba su ko girgiza ba, har fitilu suka mutu. Tsohuwar da ke ba da canji a wani ɗan keji ta cire taba daga baki ta ce min kada in damu, ɗana, kowa da ranar farkonsa. Wannan ya fi dariyar ciwo.

Sai Bakanon ya karɓa. Ya riƙe bindigar kamar mai auna yadi, ya rufe idon da bai kamata ya rufe ba, ya karkatar da kai gefe. Dum, ƙararrawa ta ce ƙing, barewa ta kife. Dum, ƙing. Lambobi suka yi ta mirginawa, Turawan da ke wurin suka bar nasu wasan suka kewaye mu, a ƙarshe akwatin ya ba shi wani zagayen kyauta. A hanyar gida na tambaye shi yadda ya yi.

Ya ce, "Ni me na sani a daji? Na dai lura in abin ya yi ƙas-ƙas, barewar tana daidai tsakiya. Kunne na sa, ba ido ba."

A ranar aka naɗa shi Sarkin Baka, da rawanin tawul. Sunan bai sake barinsa ba. Yau in tsofaffin abokanmu suka bugo daga Kaduna ko Jidda, tambayarsu ita ce, ya Sarkin Baka, kuna gaisawa? Mutumin da ke hawa kujera don ɓera. Ni da na ɗauki gada a wuya tun ban kai kafaɗar babana ba, ba wanda ya ƙara neman labarin daji a bakina, ni ma ban ƙara bayarwa ba.

Bayan karatu shi ya sauka Birmingham ya kafa ofis, bai ƙara motsawa ba. Ni na zama tafinta a kamfanin jiragen ruwa, na yi ta yawo. Duk tashar da muka tsaya akwai irin wannan akwatin a wani lungu. Na Marseille a mashayar matuƙa suke, da maiƙo a jikinsu, kuma in ka kuskure akwai wanda zai ɗaga kafaɗa ya ba ka dogon bayani a kan abin da ya sa. Na Hamburg tsaf suke, suna sheƙi, ko ƙararsu a tsare take kamar agogo. A Iskandariyya na ga wanda Turawa suka daɗe da yarwa, wani ya tashe shi da wayar keke, ya sake fentin dabbobin, barewar ta koma kamar akuya. Ko'ina nakan faki idon abokan aiki in jefa kuɗi ni kaɗai, in harba, in kuskure, in ji an yi min jaje da Faransanci ko Jamusanci ko Larabci. Daga baya akwatunan suka fara ɓacewa, aka kawo masu gilashin talabijin waɗanda babu abin da ke motsi a cikinsu sai haske. Gaskiya ban yi kewarsu ba. Na ɗauka an rufe wannan babin.

Allah da ikonsa, ɗana ya auri 'yarsa. Abokina ya zama surukina, muka ci gaba da zagin juna kamar da, sai dai yanzu ba a gaban yara ba. Da aka haifi 'yarsu ta fari aka sa mata sunan mahaifiyata, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Inna nake ce mata. Iyayenta layi biyu ne tsakaninsu da mu a nan Manchester, ni kuma na riga na ajiye aiki. Ni nake kai ta makaranta in ɗauko ta. A cinyata ta haddace Fatiha. Takan sace hulata ta ɓoye, ta ce tsoho sai ka fanshe ta da alawa, in ce mata mummunar uwa wadda ba ta tausayin ɗanta. Na koya mata gaisuwa da harsuna biyar, na nuna mata a taswira duk tashar da na taɓa kwana. Shi kuwa sai Sallah zuwa Sallah yake ganinta, ta gaishe shi a tsaye tana kallon ƙofa. Ba zan ɓoye ba, wannan ya yi min daɗi. A karo na farko tun ranar idin nan, ina riƙe da abin da ya fi nasa.

Da surukin nawa ya yi ritaya sai ya rasa abin yi. Wata rana ya bugo min yana dariya tun kafin sallama, wai ya je gwanjon kayan wani gidan wasa na bakin teku da aka rufe, ya ga irin akwatinmu, matacce, ɓeraye sun ci wayoyinsa, ya saya ya kai garejinsa a Sparkbrook.

Na ce, "To Sarkin Matsorata, wa zai kore maka ɓerayen?"

Ya ce, "Kai dai ka zo ka rama. Na ji an ce har yanzu ana bin ka barewa."

Ban je ba. Amma hutun da ya biyo baya Inna ta je musu mako guda, ta yi wata. Ta dawo da baƙin mai a ƙarƙashin farce da ƙunar dalma a yatsa, bakinta ba ya rufuwa. Ita da shi sun sami takardar zanen wayoyin akwatin, sun canja wannan, sun wanke wancan, fitila ɗaya ta kama, sun yi ihu har maƙwabta sun leƙo. Hutu na gaba ma can. Na ɗauko taswirata na shimfiɗa, na fara mata labarin wata guguwa da ta kama mu a tekun Bahar Rum. Ta saurara da ladabi, ladabin da ban saba gani a wurinta ba, sannan ta dafa hannuna ta ce da Hausarta mai karkata, "Labarinka da daɗi, wallahi. Amma ka ga, nasa ana taɓawa."

Har na fara neman irin akwatin a intanet. Hajiya, mai ɗakina, ta leƙo ta kafaɗata ta gani.

Ta ce, "A ina za ka sa shi? A falon nan? To sai dai ka fitar da kujerun, ko ka fitar da ni."

Na ce bincike kawai nake yi.

Ta ce, "Alhaji, kai ko ƙwan fitila in ya mutu ni kake kira. Ka bar mutum da abin da ya iya."

Ana haka ɗana ya sami aiki a wani asibiti a ƙasar Larabawa, za su tashi shi da matarsa da ƙananan. Inna kuwa ta gama sakandare, jami'a biyu sun ba ta gurbin karatun injiniyan lantarki, ɗaya a nan Oxford Road, ɗaya a Selly Oak ta Birmingham. Uban ya ce ba zai bar ta a ɗakin haya ba alhali tana da kakanni a garuruwan biyu, ta zaɓi inda za ta, ta zauna a gidan kakan da ke can. Ban ce mata komai ba, ba girmana ba ne. Na dai sa aka yi wa ɗakin sama fenti, na sayi tebur da fitilar karatu, na kwashe littattafaina da suka yi shekaru a wurin na kai ƙarƙashin bene. Kullum in na wuce sai in tura ƙofar in duba ko warin fentin ya fita.

Ita ce ta matsa min in je in ga akwatin ya tashi. Muka hau jirgin ƙasa, muka shiga bas ta Stratford Road, ta gaban shagunan atamfa da mahauta da masallatai. Tun daga bakin garejin warin ya tare ni, ƙurar nan mai zafi da man inji. Ga shi nan tsaye tsakanin injin yankan ciyawa da buhunan shinkafa, fitilunsa na walƙiya. Surukina na zaune a kujerar roba da butar shayi, ya tsufa, ya rame, amma dariyar tana nan.

Inna ta buɗe bayan akwatin ta ce in leƙa. Ashe dajin nan mai nisa babu shi. Dabbobin a ƙasan akwatin suke, kansu a ƙasa, a kan wata sarƙa kamar ta keke, madubi ne a karkace yake ɗago su ya kai su nesa. Ta nuna min wani ɗan tsinken ƙarfe a ƙarƙashin bindigar, yana goga wani faranti mai ɗigo-ɗigon tagulla.

Ta ce, "Ka gani? Babu abin da ke fita daga bindigar. In tsinken nan yana kan ɗigon barewa lokacin da ka ja, wuta ta wuce, shi ke nan. Ba a ba ta rata. Kanta za ka sa."

Na juya na kalle shi. "Ka san da wannan?"

Ya ce, "Wallahi sai da ta buɗe ta nuna min. Ni duk shekarun nan ƙas-ƙas ɗina nake bi."

Ta ba ni wani tsohon sisi daga gwangwanin da suke tarawa. Na jefa, na kafa ƙota. Na san komai yanzu, an buɗe min cikin abin na gani da idona. Barewa ta fito, na ce wa hannuna kanta, kanta, amma ina jan kunama sai in ga hancin bindigar ya riga ya zame gaba. Sau ɗaya tak ƙararrawa ta yi ƙara, shi ma ina jin agwagwa ce ta faɗo cikin kuskurena. Su biyun suka tafa min kamar yaron da ya fara tafiya. Sai wani abu ya maƙale a ciki, sarƙar ta tsaya. Inna ta durƙusa ta cusa kai cikin akwatin, ta miƙo hannu baya ba tare da ta waiwayo ba.

Ta ce, "Kaka, ba ni ƙaramar sukundireba."

Na duba hagu da dama ina neman abin da take nufi. Kafin in gano, shi ya riga ya sa mata a tafi. Ashe ba da ni take ba. Tun da ta fara magana ni ne Kaka, shi kuwa Kakan Birmingham ake ce masa, kamar yadda ake faɗin sunan tasha. Ta ɗago tana share goshi da bayan hannu ta ce, "Kakan Manchester, matso da fitilar nan ta nan." Na matso da ita. Na riƙe musu fitila har suka gama.

Da ta shiga gida wanke hannu, ya zuba min shayi, ya daɗe yana juya cokali.

Ya ce, "Ta gaya maka?"

Na ce, "Ba sai ta gaya min ba."

Ya ce, "Ban roƙe ta ba, Allah ne shaida. Na ma ce mata jami'ar wajenku ta fi suna."

Na ce, "Na sani. Kai ai ba ka taɓa roƙon komai ba, zuwa yake ya same ka a zaune."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya bari. Can ya ce likita ya ce zuciyarsa sai a hankali, gidan kuma ya yi musu girma shi da mai ɗakinsa. Na ce Allah ya ƙara lafiya, kuma har zuciyata na faɗa. Amma ko a wannan sai da na ce a raina, wai har ciwon ma shi ya samu wanda zai sa a zauna kusa da shi.

A jirgin komawa ta faɗa min da kanta cewa Birmingham ta zaɓa, tana wasa da bakin mayafinta. Ta ce malaman can sun ga hotunan aikin da suka yi sun yaba, kuma akwai wani akwatin mai jirgin ƙarƙashin ruwa da suke so su tasa. Ta ce ai ba nisa, za ta riƙa zuwa. Na ce Allah ya yi albarka, Inna, ya ba da sa'a. Na sa mata albarkar da gaske. Ni na kai kayanta da motar ɗana, ni na hau da akwatunanta bene a gidan wani.

Tana zuwa kuwa, ba ta saɓa ba. Sai dai yanzu takan bugo waya tun ana jibi ta tambaya ko muna gida. Hajiya ta shiga kasuwa, ta yi miyar da ake yi wa baƙi, ta fito da farantan da ke cikin kabad. In ta iso takan danna ƙararrawar ƙofa ta tsaya a waje har a buɗe, ta zauna a falo da jakarta kusa da ƙafa. In la'asar ta yi sai ta duba agogo ta ce bari ta kama jirgi, kada ta yi dare ba ta koma gida ba. Gida take cewa, kuma ba nan take nufi ba. Gidana ya zama inda take zuwa gaisuwa, kuma na san ba zai sake zama wani abu daban ba.